Kajin Rifkatu da Romon Goggo

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta rasu a ƙarshen daminar da ta wuce, a ɗakina da ke unguwar Dubeli a Jimeta. Masu zuwa gaisuwa sukan tambaya me ya same ta, ni kuma in ce ƙarancin jini ne da ciwon zuciya. Haka likita ya faɗa, kuma gaskiya ne. Amma akwai sauran zance, kuma na ga gara in rubuta shi saboda duk wanda yake da tsohuwa a ɗaki da kaji a tsakar gida. Za a ji ƙorafi a ciki, za a ji godiya. Abin da ya fi damuna shi ne wadda nake wa ƙorafin ita ce dai nake wa godiyar.

Dada ba 'yar Jimeta ba ce. Ni aure ya kawo ni, ita kuwa gudu ya kawo ta, shekarar da 'yan bindiga suka shiga garuruwanmu na wajen Michika. Ta iso ƙofar gidana da zani ɗaya, ƙafa a kumbure, ga kwando a ka. Na zaci tufafi ne a ciki. Ina buɗewa sai ga wata jar kaza tana kallona.

Na ce, "Dada, mutane suna gudu da takardun gida, ke kuma kaza kika ɗauko?"

Ta ce, "Ba nawa ba ne. Na Rifkatu ne."

Rifkatu maƙwabciyarta ce, Kirista, katanga ɗaya ta raba su tun kafin a haife ni. Tare suka fito ranar gudun. Da suka kai bakin wani rafi sai Rifkatu ta tsaya, ta ce ba za ta iya barin mijinta ba, wanda ƙafarsa ta shanye. Ta sauke kwandon ta miƙa wa Dada, ta ce, "Riƙe min, ina zuwa." Dada ta jira a gindin wata tsamiya har ƙarar harbi ta matso, sannan ta bi mutane. Mun yi cigiya a sansanonin 'yan gudun hijira, mun tambaya a majami'u, mun tambayi duk wanda ya koma gida ya dawo. Har yau ba wanda ya ce ya ga Rifkatu, a raye ko a mace.

Kazar nan ta yi ta haihuwa, 'ya'yanta ma suka haihu, ita kanta ta tsufa ta mutu, amma a wajen Dada duk kajin Rifkatu ne. Ba ta taɓa cin namansu ba, ko ƙwai ɗaya ba ta taɓa fasawa ba. Zakaru takan sayar ta sayi dusa da tsaki. Lokacin Kirsimeti ta kama mafi ƙiba ta aika wa wata gwauruwa 'yar garinmu, ta ce saƙon Rifkatu ne. A garinmu kowace mace tana da shaidar da take yi wa kajinta don kada su cakuɗe da na maƙwabta, ta Rifkatu kuwa ita ce a datse kan yatsa ɗaya da reza tun suna 'yan tsaki. Dada ta ci gaba da yi musu wannan shaidar. Ni ban taɓa damuwa in duba wace ƙafa ce ba, don ni da kajin nan ba ma ga maciji. Ɗinki nake yi, kuma ba sau ɗaya ba sun yi min kashi a kan atamfar mutane. Idan na ɗauki tsintsiya zan jefe su sai Dada ta ce, "Hajara, amana kike jifa."

Da damina ta kankama sai kajin suka fara ramewa. Suna ci kamar ba gobe, amma idan ka ɗaga kaza sai ka ji ta sakayau, ƙashin ƙirjinta yana sukar hannu. Jan naman kansu ya koɗe, kashinsu ya zama ruwa, ƙwai ya ragu. A daidai lokacin ita ma Dada ta fara jiri. Daga ɗaki zuwa akurki sai ta huta a hanya. Tafin hannunta ya yi fari, ƙafa ta soma kumburi. Na ce mu je asibiti, ta ce sai an fara duba kaji. Mun yi sati muna wannan ja-in-ja, har na gaji na ɗauki kaza ɗaya a leda na hau keke zuwa shagon maganin dabbobi a kasuwa.

Mai shagon ya taɓa ƙirjinta, ya buɗe bakinta, ya ce tsutsar ciki ce, kuma ta yi musu yawa. Ya ba ni wani garin magani, ya ce a dama a ruwan shansu kwana uku a jere, a hana su wani ruwan, bayan sati biyu a maimaita. A share akurki kullum a zuba toka. Kada a ci namansu ko ƙwansu sai kwanakin da aka rubuta a jikin ledar sun wuce. Har na juya zan tafi ya kira ni.

"Hajiya, gobe za ki ga tsutsa a kashinsu. Kada ki tsorata, maganin ne yake koro ta."

Da yammar ranar Dada da kanta ta dama maganin. Ta sunkuya za ta ajiye kaskon ruwan, sai kawai ta kife a bakin akurki.

Satin farko a asibiti layi ne kawai. Layin kati, layin ganin likita, layin awon jini, layin karɓar sakamako, sannan a ce a koma wurin likitan da ya riga ya tashi. Dada tana kan benci ta jingina da ni, numfashinta sama-sama. Da muka samu shiga, likitan ya ja fatar idonta ya duba, ya dubi takarda, ya ce, "Mama, da wannan jinin kike yawo? Ai bai kai na jariri ba." Ya ce zuciyarta ta gaji da aiki ba jini. Ya ce ita ma akwai tsutsar ciki da ta daɗe tana shan jininta, irin wadda ake ɗauka ta tafin ƙafa idan ana yawo ba takalmi. Na tambaye shi ko daga kaji ne, ya ce a'a, ta kaji daban, ta mutum daban. Aka ba ta gado. Maigidana direba ne, yana hanyar Gombe, ya juyo ya ba da jini leda ɗaya. Ta biyu wani mai keke ne a layinmu ya bayar, ko kuɗin shayi ya ƙi karɓa. Allah ya saka masa. Kuɗin da nake tarawa na sayen sabon keken ɗinki ya tafi a satin nan, ban ma ji zafinsa ba.

Tun da ni zan kwana a asibiti, sai Goggo Asta ta taso daga unguwar Alkalawa ta tare a gidana tun daren da Dada ta faɗi. Ƙanwar mahaifina ce, ta daɗe da aure a Yola har Fulatanci ya fi Hausa zama a bakinta. Mace ce mai zafin nama, ba ta iya ganin aiki ta wuce, kuma ba ta iya jin shawara ta karɓa. Na zayyana mata duk abin da mai shago ya faɗa, har maganar tsutsa a kashi na maimaita mata sau biyu.

Ta ce, "Hajara, ina kiwon kaza tun uwarki bai yi aure ba. Je ki kula da mara lafiya."

'Yan dubiya kuwa kowa da nasa asibitin a baki. Wannan ta ce zogale, waccan ta ce a dafa ganyen kabewa a haɗa da madara. Kawuna ya bugo waya daga Mubi ya ce a nemi rubutu. Wata 'yar uwar maigidana, tana jin kalmar tsutsa, ta tafa hannu ta ce ai ga shi nan, kajin nan ne suka shafa mata, a rabu da su. Na ce likita ya ce ba haka ba ne. Ta ce likita bai ga akurkin ba. Goggo tana zaune tana jin wannan.

A sati na biyu Goggo ta fara zuwa da kula. Kullum da hantsi sai ga ta ta sauko daga keke, gumi sharkaf, ta buɗe kula ƙamshi ya cika ɗakin. Romon kaza ne da citta da kanumfari da ɗan daddawa, naman ya dahu har yana rabuwa da ƙashi. Ta ce daga kasuwa take sayowa. Ita ke tallafo kan Dada, ita ke hura cokali, tana yi mata tsiya, tana kiranta Adda, wato yaya da Fulatanci.

"Adda, buɗe baki. Ke da kika gudo daga Michika da ƙafa, cokali ne zai gagare ki?"

Dada ta sha. Washegari ta ƙara. Kafin satin ya ƙare ta soma zama da kanta, leɓenta ya yi ja, har tana tsokanar nas ɗin da ke mata allura. Likita ya ce duk abin da muke ba ta mu ci gaba. Ni kuwa na riƙe hannun Goggo a baranda ina kuka ina godiya, don ban san da me zan biya ta ba. Kullum Dada sai ta tambaya, "Asta, yaya kajin Rifkatu?" Goggo ta ce, "Jam, Adda, suna nan lafiya lau."

Ranar wata Talata a sati na uku, Dada ta leƙa kula ta yi dariya.

"Asta, kullum kaza ba ƙafa? Ke kike cinyewa a murhu ko? Gobe ki sako min ƙafa, shi nake so."

Goggo ta yi dariya ita ma, ta ce an kama ta. Washegari ta sako ƙafafu biyu. Ina zaune a bakin gado ina ninke zani. Dada ta ɗauki ɗaya ta tsotse tas. Ta ɗauki ta biyu ta kai baki, sai na ga ta tsaya. Ta fito da ita, ta riƙe ta kusa da ido, ta shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta. A kan ɗaya ta tsaya. Ta daɗe tana shafa wurin da aka datse.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Ta mayar da ƙafar cikin kula, ta rufe, ta goge hannu a zaninta. Sannan ta ce, "Asta, tun yaushe?"

Goggo ta sunkuyar da kai. Dada ta juya fuska bango.

Na ja Goggo baranda. A nan ta faɗa min komai. Washegarin da ta tare, ta je sharar akurki ta ga tsutsotsi farare, dogaye kamar taliya, wasu suna motsi. Ta ce ba ta taɓa ganin haka a kashin kaza ba sai da aka ba su wannan garin, saboda haka garin ne ya haifar musu. Ta zubar da ruwan, ta jefa ledar a masai, ta koma jiƙa musu ɓawon maɗaci da barkono. Kajin suka ci gaba da lalacewa. Duk wadda ta ga ta saki fukafukai tana gyangyaɗi, sai ta kai wa mai shagon layinmu ya yanka kafin ta zama mushe. Da yake ba nama a jikinsu, wani lokacin biyu take haɗawa a tukunya ɗaya.

Na ce, "Goggo, ban gaya miki ba? Ban ce miki idan kin ga tsutsa maganin ne yake aiki ba?"

Ta ɗago, idonta ya yi ja. "Kin gaya min. Amma ni idona ya gani. To ki ce min, in bar kaza ya mutu a banza, ga Adda kwance ba jini? Matan da ya shekara goma ba labari, kazansa ya fi ran uwarki? Ba shi ya tashe ta zaune ba?"

Haushinta ya kama ni, kuma na san romon nan ne ya tashi Dada zaune. Har yau ban iya raba waɗannan biyun ba.

Da la'asar na je gida, karo na farko da na leƙa bayan ɗaki tun da aka kwantar da Dada. Akurkin da ya saba cika da hayaniya shiru, sai gashin kaji a jikin kwata. Kaza ɗaya ta rage, ta laɓe bayan tsohon duro tana kwanci a kan ƙwai. Goggo ta ce ita ba ta taɓa ta ba, don ba a yanka mai kwanci.

Daga ranar Dada ta rufe baki. Ba wai ta yi rantsuwa ba ne, ko tana fushi da wani. Idan an kai cokali takan buɗe, amma da ya taɓa harshenta sai zuciyarta ta tashi. Nama ko ƙamshinsa ba ta so. Kunu ma cokali biyu, ta kau da kai. Na kawo limamin unguwarmu ya zauna ya yi mata bayani cewa ba ta da laifi ko kaɗan, tun da ba ta sani ba. Ta ce ta gode. Gwauruwar nan 'yar garinmu da ake aika wa zakaran Kirsimeti ta zo, ta durƙusa a gaban gado ta riƙe hannunta.

"Mama, na san Rifkatu. Da tana nan, ita da kanta za ta yanka miki su duka."

Dada ta ce, "Na sani. Da ita ta yanka ta ba ni, da na ci har ƙashi. Amma cewa ta yi in riƙe mata."

A sati na huɗu jinin da aka ƙara ya sake sauka, ƙafa ta koma kumburi, numfashi ya dawo sama-sama. Aka ƙara leda ɗaya, aka canja magani, na sayar da zannuwan da nake ajiya. Layin kantin magani kuwa, rabin abin da aka rubuta babu, sai an fita waje. Likitan ya kira ni gefe ya faɗi maganar da har yanzu take min yawo a ka: "Za mu iya ƙara mata jini, amma ba za mu iya ci mata abinci ba." Ban ga laifinsa ba, shi da nas-nas ɗin sun yi iya yinsu. Dada ta ce a kai ta gida, muka kai ta.

Ta sa aka shimfiɗa mata katifa a bakin ƙofa, inda take hango duron. Goggo ba ta koma Alkalawa ba. Ita ke wanke ta, ita ke juya ta, ita ke wanke zannuwan da suka ɓaci, kuma ba ta ƙara yin tsiya ba. Wata safiya tana shafa mata mai a ƙafa, Dada ta dafa kanta ta ce, "Useko, Asta, na gode. Kin wahala da ni." Goggo ta tashi da sauri ta shiga kicin, muna jin kukanta daga nan.

Na koma shagon maganin na sayo wata ledar. Mai shagon ya ce in bari sai kazar ta ƙyanƙyashe ta ɗan murmure, sannan in ba ta. Na nuna wa Dada ledar. Ta karɓa ta jujjuya ta, ta ce, "Ki ba ta yadda aka ce. Kada ki tsallake na biyun." Ranar ta sha kunu kusan rabin kofi, har na fara sa rai. Kwana biyu bayan haka, ranar Juma'a da hantsi, ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. Idan tsohuwarka ta fara jiri, tafin hannunta ya yi fari, kada ka biye mata, ka kai ta asibiti ko tana zaginka, kuma ka saya mata takalmi ka tsare ta sai ta sa. Idan kajinka suna ci suna ramewa, ka nemi maganin tsutsa da wuri, kada ka jira sai sun saki fukafukai. Idan ka ga tsutsa a kashinsu bayan magani, ka gode wa Allah ka ci gaba, ka kuma maimaita a lokacin da aka ce. Kada a dafa wa kowa kazar da ta sha magani sai kwanakinta sun cika, mu Allah ne ya tsare ta wannan fuskar. Sannan mai jinya ya sani, abin da yake gani kaza ce kawai, wataƙila ita ce ta riƙe mara lafiyar a duniya. A tambaye shi kafin a taɓa.

Washegarin sadakar bakwai, baƙi sun watse, ina shara sai na ji 'yar ƙara daga bayan duro. Kazar ta fito da 'yan tsaki biyar, ɗaya ja kamar kakarsu ta cikin kwando. Na tsaya da tsintsiya a hannu, irin tsintsiyar da nake jifansu da ita. Na ajiye ta, na shiga ɗaki na ɗauko sabuwar reza daga akwatin ɗinkina. Na kama ɗan tsako ɗaya, na zauna a kan turmi, sai na ga ban san wace ƙafa ba ce, ban san wane yatsa ba. Shekara da shekaru ina gida ɗaya da su ban taɓa dubawa ba. Na miƙe zan kama uwar in duba tata, ta buɗe fukafukai ta yo kaina.

Goggo tana bakin kicin, ta riga ta ɗaure kayanta za ta koma Alkalawa. Tun ranar barandar nan ba mu yi wata doguwar magana ba. Ta ajiye jakar, ta zo ta durƙusa a gabana, ta karɓi ɗan tsakon a tafin hannunta.

"Bar uwan, kada ki firgita shi," in ji ta. "Hagu ne. Yatsan waje."

Na ce, "Kin tabbata, Goggo?"

Ta ware 'yar ƙafar da yatsunta biyu, ta miƙo min ita.

"Ni na wanke su duka, Hajara. Yanka."